Wanne Ne Makin Gaskiya?

A unguwar Nassarawa ta Kano, inda gidajen manyan ma'aikata da attajirai suke, akwai wata damuwa da kan shiga gidaje da yawa kowace shekara idan jarrabawar shiga jami'a ta gabato. Yaro mai neman karatun likita yakan gwada kansa ran Asabar ya sami maki 290, gida ya cika da murna. Wata Asabar ta kewayo ya sami 255, sai uba ya ɗaure fuska, uwa ta yi tagumi, shi kuwa yaron tuwo ya ƙi ciwuwa. To, cikin biyun nan wanne ne makin gaskiya?

Kafin a amsa, ya kamata a san yadda jarrabawar take. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya ta, tun 2015 kuwa a kwamfuta ake yi. Tambaya 180 ce cikin awa 2: Turanci 60, sa'an nan mai neman likita ya amsa 40 a ilmin halittu, 40 a kemistiri, 40 a fiziks. Jimlar maki 400. A 2017 hukumar ta soma shirya jarrabawar gwaji tata, ban da wadda makarantu da malamai ke yi wa yara. Masu neman gurbi a Jami'ar Bayero, wadda ɗalibanta ke koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sun fi gurbin yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa kowane maki ke da tsada a idon iyaye.

Amma fa maki yana hawa yana sauka ko da ilmin yaro bai motsa ba. Ga misali. A ce cikin tambayoyin kimiyya 120 akwai 40 da bai sani ba, sai canka ya yi. Tun da amsa huɗu ake jerawa, wajen 10 zai dace. Wata rana ya dace da 7, wata rana da 13. Idan an raba maki daidai, kowace tambaya biyu da rabi ke nan, watau bambancin maki 15 ya samu daga sa'a kaɗai. A ƙara da cewa wani gwajin yakan faɗo kan babin da ya ƙware, wani kan wanda ya tsallake, ga rashin barci, ga zafin bazara. Wani masani a Ingila, Francis Galton, ya nuna a 1886 cewa iyaye dogaye ƙwarai 'ya'yansu kan kusanci matsakaicin tsawo. Haka awon maki yake: wanda ya yi sama ainun, mai bi masa yakan sauko kusa da tsakiya. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Nan ne maganar ta zama ta hali. Zuciya takan ruɗi mutum ta hanya biyu. Wani yakan riƙe mafi girman makinsa ya ce shi ne ƙimarsa, sauran duka tsautsayi ne, sai ya saki karatu. Wani kuwa yakan riƙe mafi ƙanƙanta ya ce asirinsa ne ya tonu, sai ya yanke ƙauna. Dukansu sun zaɓi shaida ɗaya sun kori sauran, alƙalin da ya yi haka kuwa ba a kiransa adali.

Wanda ke son zama likita, lalle ya fara koyon aikin a kansa. A asibitin Nassarawa, ko wani asibiti, likitan kirki ba ya ce wa mutum yana da hawan jini don awo guda. Yakan sake aunawa wata rana, ya rubuta, ya dubi inda lissafin ya nufa. Haka ya kamata ɗalibi ya yi. Ya rubuta makin gwaji biyar ko shida, ya fitar da matsakaicinsu, ya gwada da na watan jiya. Kowane kuskure kuma ya bincika tushensa: rashin sani ne, ko gaggawa, ko ƙarewar lokaci? Gama kowanne da maganinsa. Kada kuma ya cuci ma'auni, ya ƙara wa kansa minti goma, ko ya maimaita tambayoyin da ya riga ya hardace, don mai ƙara wa mudunsa ƙasa kansa ya cuta.

Iyaye ma suna da nasu hakki. Uban da ke yabo ran da maki ya hau, ya yi faɗa ran da ya sauka, sa'a yake yabo, sa'a yake zagi, ɗansa kuwa ɓoye masa takarda zai koya. Idan kuma watanni suka shuɗe matsakaicin bai kai ba, gaskiya ita ce a zauna a yi shawara, ko a ƙara shekara, ko a nemi haɗa magunguna ko aikin jinya, duk hidimar marasa lafiya ce.

Ashe makin gaskiya yana ga wanda ya jera sakamakonsa duka, mai daɗi da marar daɗi, ya dube su ba tsoro ba son zuciya. Wanda ya iya wannan tun yana yaro, ran da aka danƙa masa ran mutum a hannu ba zai karanta abin da yake so ya bar abin da ke rubuce ba. Allah ya ba yaranmu haƙuri da sa'a, amin.