Jarkar da ke bayan mota

Wata uku cur na yi ina yawo da jarkar ruwa a but ɗin motata. Kullum da safe sai na ɗaga bonet, na ƙara wa lagireto abin da ya samu, na kama gabana. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ina ruwan jiya ya shiga ba, sai ranar da allurar zafi ta haye kan ja dab da Kwanar Ɗangora, a hanyar Kano zuwa Zariya, da tsakar ranar watan Afrilu.

Na kai hannu ga murfin lagireton ke nan sai wani dattijon bakanike da ke rumfa a bakin titi ya daka mini tsawa: "Malam, kada ka taɓa! Zo nan ka zauna." Da gaskiyarsa. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, amma murfin nan yana riƙe da shi a matse, ta yadda sai ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa. Kana sassauta murfin, ruwan zai tafasa nan take ya yi tsartuwa zuwa fuskarka. Ya kuma hana wani yaro da ya rugo da bokiti watsa wa injin ruwan sanyi, domin ƙarfen da ya yi zafi haka, in aka sanyaya shi farat ɗaya, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Mun fi rabin awa muna jira, bai ɗauki ko sifana ba. Tambayoyi kawai yake yi mini. "Yaushe take ɗaukar zafin, in kana cikin cunkoso ko in ka miƙi hanya?" Ya ce motar da ke zafi a cunkoso ta huce da an fara gudu, fanka ake fara tuhuma, ko fiyus ɗinta, domin a guje iskar hanya ce ke yin aikin fankar. Wadda kuwa take lafiya a cikin gari sai an hau babban titi ta fara, sau da yawa lagireton ne ya toshe ko famfon ruwa ya gaji. In kuma inji ya ɗau zafi amma tiyon sama yana nan da sanyinsa, to tamostat ne ya ƙi buɗewa.

Na ce, "Baba, tawa ruwa kawai take sha." Ya dube ni ya ce, "Mota ba ta shan ruwa. Fetur take sha. Ruwan nan zagayawa yake ya dawo, in ya ragu to ya samu ƙofa." Ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya duba ko ya koma kalar shayi mai madara, ya sa na tayar ya leƙa ko akwai kumfa a bakin lagireto ko farin hayaƙi a salansa. Babu ko ɗaya. "Allah Ya rufa maka asiri, gasket bai ƙone ba." Sai ya bi tiyo da yatsa har ya tsaya kan wani farin busasshen tabo kusa da maɗauri. Tsaga ce da ba ta kai tsawon farce ba, ba ta ɗiga sai inji ya yi zafi ruwa ya matsu. Shi ya sa ban cika ganin jiƙa a ƙasa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jarkar. Na ɗauke ta a matsayin hattara, ashe ita ce ta hana ni neman dalili. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, amma da yawanmu in mun samu abin da zai kai mu gobe, sai mu daina tambaya. Haka mai zazzaɓin da ke dawowa duk mako yake haɗiyar Panadol bai je an gwada jininsa ba. Haka magidancin da ke cin rance kowane ƙarshen wata bai taɓa zama da biro ya ga ta ina albashin ke zurarewa ba.

Har a garejinmu wannan ɗabi'ar tana nan. Mota ta fara zafi, sai a cire tamostat a jefar, a ce na ƙasar sanyi ne, a ɗaure fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Ni ban yarda da wannan gyaran ba. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In babu tamostat zai daɗe bai kai nan ba, ya ƙara shan mai, ainihin cutar kuma tana nan a ɓoye. Ga kuma ruwan burtsatse da muke ɗurawa maimakon ruwan lagireto mai kala, wanda ke hana tsatsa. Duk mai butar dafa shayi ya san farin dattin da ke taruwa a gindinta. Irinsa ne ke toshe siraran bututun lagireto, ƙurar hunturu kuma ta toshe su ta waje.

Dattijon ya yanke bakin tiyon ya sake ɗaurewa, ya ce na sayi sabo da na isa Zariya, na kuma canza murfin tunda robarsa ta bushe. Na yi duka biyun a ranar.

Ɗan'uwa mai mota, in kai ma kana ƙara ruwa fiye da sau ɗaya a wata, gobe da safe tun inji na da sanyi ka duba tiyo, ka duba murfi, ka zaro sandar baƙin mai. In ba ka gano ƙofar ba, kai ta wurin bakaniken da zai fara yi maka tambaya kafin ya kwance ƙusa.