Ribar Sani da Ribar Zamba

Kasuwar Kurmi, wadda ba ta da nisa da Dutsen Dala cikin birnin Kano, tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). A cikinta akwai masu sayar da duwatsun ado, su tsakiya da murjani da talhatina. Dā fatake ke kawo su daga nesa, waɗansu gyaran Indiya, waɗansu gyaran Jamus. Yanzu kuwa a ƙasarmu ma ana haƙar duwatsu masu daraja: shuɗin yakutu a tudun Mambila, zumurrudu wajen Nasarawa Egon. Masu saye sukan bi mahaƙa har bakin rami.

To, 'yan'uwa, ga tambaya. Mahaƙi ya fito da dutse, bai san darajarsa ba. Mai saye ya duba, ya gane. In ya saya da araha, ya sayar da tsada ƙwarai, riba ya ci ko zamba?

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. A shekarar 1869 wani makiyayi a Afirka ta Kudu yana da wani dutse mai ƙyalli wanda aka tsinta kusa da Kogin Oranj. Wani manomi Bature, Schalk van Niekerk, ya ba shi tumaki 500, da shanu 10, da doki ɗaya. Ba da daɗewa ba ya sayar da dutsen fam 11,200, gama daimon ne mai nauyin karat 83 da rabi. Makiyayin ya sami garke, amma garken bai kai ko kusa da wannan kuɗi ba.

Kada mu yi garajen hukunta mai saye. Saninsa ba a hanya ya tsince shi ba. Shekaru ya yi yana koyon bambanta dutse da kwalba. Yana kuma sa dukiyarsa cikin haɗari, domin dutse yakan ɓoye tsaga a cikinsa, sai an kai ga mai yanka ta bayyana. Yanka ma yana cin dutse. Daimon mai suna Kulinan, da aka samu a 1905, nauyinsa karat 3,106 ne. Sa'ad da aka yanka shi a Amsadam ta ƙasar Holan a 1908, abin da ya fito bai wuce wajen sulusin nauyinsa ba. Saboda haka ba daidai ba ne a ce kuɗin bakin rami ya zama ɗaya da na kanti. Sani yana da lada, wahala kuma tana da hakki.

Amma akwai iyaka. Littafin Karin Magana, sura 20, aya 14, ya kwatanta mai saye wanda yakan kushe kaya a gaban mai su, in ya juya baya ya shiga fahariya. Nan laifin yake. Wanda ya ga yakutu ya ce kwalba ce, ba da saninsa ya ci riba ba, da ƙarya ya ci. A kasuwanninmu ba a ɗaukar kaya sai mai su ya ce ya sallama. To, wanda aka rufe wa ido ya ce ya sallama, me ya sallama? Kwalba ya sallama, ba yakutu ba. Yakutun nasa ne har yanzu, ko da ya kai Bankok.

Wani zai ce, "Ai ban yi ƙarya ba, shiru na yi." Shiru iri biyu ne. Ba lalle ne ɗan kasuwa ya faɗi inda zai kai kayansa ba, ko nawa yake sa rai zai samu. Amma in ya ga mahaƙi ya ruɗe a kan ko wane irin dutse ne ke hannunsa, ya kuma ga yunwa ce ta sa shi gaggawa, ya yi shiru domin ya amfana da duhun kansa, shirun nan ƙanen ƙarya ne.

Ga ma'auni mai sauƙi. Bayan mun sayar, za mu iya komawa bakin ramin nan, mu dubi mutumin, mu faɗa masa nawa muka samu? In muna iyawa, ribarmu tsarkakakkiya ce. In kuwa sai mun sake hanya don kada mu gamu da shi, zuciyarmu ta riga ta yanke shari'a.

Akwai hanya mai kyau. Mu faɗi sunan dutse da gaskiya, kāna mu yi tayi. In darajarsa ba ta tabbata ba, mu biya wani abu yanzu, mu yi alkawari a gaban shaidu za mu raba abin da ya ƙaru. Ribar za ta ragu, amma gobe mahaƙin nan mu zai fara nema. Ko da bai neme mu ba, mun ba shi hakkinsa. Allah ya ba mu idon gane dutse, ya ba mu kuma zuciyar da ba ta cin guminsa na wanda ya haƙo shi.