Ribar Wanda Ya Fita Da Wuri

Idan tsarin damfara ya rushe, waɗanda kuɗinsu ya maƙale ake jin kukansu. Akwai kuwa wani rukuni da ba a cika tambaya a kansa ba, wato waɗanda suka shiga da wuri, suka kwashi riba, suka fita lafiya. Haka aka yi a MMM, tsarin Sergei Mavrodi ɗan Rasha, wanda ya yi wa 'yan Najeriya alkawarin ƙarin kashi 30 cikin ɗari a wata guda, kafin a rufe asusun jama'a a Disambar 2016. Haka kuma aka yi a wani tsarin irinsa mai suna CBEX a Afrilun 2025. To, abin da na farkon ya ci, halal ne? Ra'ayina shi ne ba halal ba ne, ko da bai taɓa yi wa kowa ƙarya da bakinsa ba.

Dalili yana cikin lissafi. Naira dubu 100 da ake ƙara mata kashi 30 kowane wata tana haura miliyan 2 cikin shekara. Babu gona, babu shago, babu fatauci da ke haifar da haka a kai a kai. Abin da aka ba na gaba, daga aljihun na baya aka ciro shi, yadda Charles Ponzi ya yi a Boston a 1920. Malaman fiƙihu kuwa sun shimfiɗa cewa mai ba da jari yana rabon riba ne bisa kaso, asara ta taɓa shi idan ta zo. Ƙayyade ƙari tun farko a kan kuɗi zalla, ba tare da haja ba, riba ce irin wadda aka haramta, ga kuma garari a samanta.

Wani zai ce ai da yardar kowa aka yi. Amma yardar da aka samo ta hanyar ɓoye gaskiya ba ta halatta dukiya. Da na ƙarshe ya san kuɗinsa za a ba wani, sannan a rufe ƙofa, da bai tura ba. Wani kuma zai ce ai kamar adashi ne. Wannan kwatanci bai zauna ba, domin a adashi abin da mutum ya zuba shi yake kwasa, kuma an san ranar kwasar kowa. A nan dole wasu su tashi a tutar babu kafin wasu su samu.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta wanda ya ce wallahi bai sani ba. Na yarda rashin sani yana iya ɗauke zunubi, musamman ga wanda aboki ko ɗan uwa ya jawo. Sai dai ba ya mayar da kayan wani ya zama nasa. Wanda ya sayi akuyar sata bai sani ba, in mai ita ya zo, ai sai ya saki igiya. Uwar kuɗinsa tasa ce, ƙarin ne ba nasa ba. A MMM ma mayarwa ba ta gagara ba, tunda 'yan tsarin kai tsaye suke tura wa juna, sunan wanda ya biya yana nan a takardar bayanin asusun banki. Wanda ya rasa mai haƙƙi, malamai suna cewa ya yi sadaka da niyyar ladan ya je wa mai shi. Wanda kuma ya ci ladan kawo sababbin mutane, nasa ya fi tsauri, domin ya san gidan kowannensu.