Rusunawa da Jan Kati

Daga Bagudo zuwa Tsamiya, har ka tsallaka Segbana a Jamhuriyar Benin, harshen makaranta yana sauyawa daga Turanci zuwa Faransanci, kuɗi daga naira zuwa sefa, amma gaisuwa ba ta sauyawa. Yaro zai rusuna, ya sunkuyar da kai, ya miƙa abu da hannun dama. Layin da Ingila da Faransa suka ja a 1898 bai taɓa wannan ba. Shi ya sa mu mutanen iyaka muka saba gane namu ta yadda yake gaida babba.

Da wannan ma'aunin muke auna finafinan matasa da ake tura mana a waya a shagunan caji. Na Koriya sun ci jarrabawa tun daga ƙofa. A Boys Over Flowers, wanda tashar KBS ta nuna a 2009, ɗalibi yana rusuna wa malami, ana karɓar abu da hannu biyu, budurwa tana kiran saurayi da kalmar da ke nufin yaya. Sai a shafe sa'o'i kafin a riƙe hannu. Iyaye suka ce waɗannan suna da kunya, a bar yara su kalla.

To amma me ke cikin labarin? 'Ya'yan attajirai huɗu ne ke mulkin makaranta. Duk wanda ya ɓata musu rai sai a rataya masa jan kati a akwatinsa, ɗalibai su far masa da ƙwai da fulawa da duka. Jan-di, 'yar mai wanki da guga, ta sha wannan azaba bisa umarnin Jun-pyo, kuma shi ne aka ba mu a matsayin masoyin da za mu yi wa fatan nasara. Muka yi masa. Ban taɓa jin an hana fim ɗin a wani gida saboda zalunci ba.

Never Have I Ever na Netflix, na 2020, shi kam minti goma ya isa a kashe waya. Devi, 'yar Indiyawa a Kalifoniya, tana ɗaga wa uwarta murya, tana zancen samari ba sakaye. Akwai abubuwan da ba zan so ƙanwata ta kwaikwaya ba. Sai dai yarinyar marainiya ce da ubanta ya faɗi ya mutu a gabanta, kuma duk sanda ta cuci ƙawayenta labarin ba ya ƙyale ta: sai ta rasa su, ta koma ta nemi gafara.

A aikinmu na rubuta manhaja muna bambanta fuskar da mai waya yake gani da abin da ke gudana a ƙarƙashi. Ladabi fuska ce, kuma ina son ta. Ita ke sa baƙo daga Malanbil ya kwana a Lolo kamar a gidansu. Amma tarbiyya ta haɗa da yadda mutum yake bi da wanda ba zai iya ramawa ba, kuma nan ne ma'auninmu ba ya motsi. Siniyan makarantar kwana da ke ƙwace garin ƙananan yara ya sa su tsallen kwaɗo har dare, shi ne da safe zai durƙusa har ƙasa ya gaida malam. Shi ake ba shugabancin ɗalibai. Ƙaramin da ya buɗe baki ya kai ƙara, shi ake cewa ba shi da kunya.