Gwajin Mako na Goma da Amanar da ke Cikin Mahaifa



'Yan'uwa, mai juna biyu da ta fara zuwa awo a nan Greensboro akan yi mata tayin gwajin jini tun daga mako na 10. Gwajin yana neman alamar lalurar Down, wadda a gida ake sakawa cikin abin da ake kira galahanga. Asalinta ƙarin kuromosom ne guda a kan na 21, sai su zama 47 maimakon 46.

Neman sani ba laifi ba ne. Kusan rabin waɗannan jarirai ana haifarsu da matsalar zuciya, don haka iyayen da suka sani da wuri sukan shirya haihuwa a inda likitan zuciya yake kusa. Sai dai mu injiniyoyi mukan bambance ƙararrawar gargaɗi da binciken tabbatarwa. Gwajin jini ƙararrawa ne, yana iya kaɗawa alhali babu wuta, musamman ga mace mai ƙarancin shekaru. Tabbaci sai an ɗebo ruwan mahaifa da allura, galibi tsakanin mako na 15 da na 20, ko an gutsuro ɗan yanki na mabiyiya kafin nan.

To idan ya tabbata fa? Mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta tana da tsanani: mashhurin zancenta shi ne hana zubar da ciki ko da bai kai kwana 40 ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1990, ta yi rangwame kafin kwana 120, da sharaɗin kwamitin amintattun likitoci ya tabbatar da mummunar nakasa marar magani wadda za ta mayar da rayuwa azaba. Bayan an busa rai kuwa, sai in ran uwa ne ke cikin haɗari. A lura, likita yana ƙirge daga hailar ƙarshe ne, don haka kwana 120 na malamai ya kai wajen mako na 19 a takardar asibiti. Fatawa ta malamai ce, amma ni ina ganin da wuya a shigar da lalurar Down ƙarƙashin wancan sharaɗi, alhali mai ita yana zuwa makaranta, yana sallah, kuma a Amurka yakan kai shekara 60.

Dokar jihar nan ta 2023 ma ta hana likita zubar da ciki in ya san lalurar Down ce dalili. Amma doka hannun likita take riƙewa, ba ta taɓa yadda mutane ke kallon yaron. Jihar nan da kanta ta hana mutane kimanin 7,600 haihuwa ta hanyar tiyata daga 1929 zuwa 1974, da yawansu bisa da'awar raunin hankali. Wanda ya bi titin Elm ya ga tsohon kantin Woolworth, inda ɗalibai baƙar fata huɗu suka zauna ranar 1 ga Fabrairu 1960 aka ƙi sayar musu da abinci, ya san abin da ke faruwa idan aka fara auna darajar mutum da halittarsa.

Mu ma ba mu kuɓuta ba. A garuruwanmu ana kiran irin wannan yaro ɗan ruwa, a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, a ce uwarsa ce ta jawo. Wannan tsoron surutun dangi ne yake biyo mace har ɗakin likita a Amurka, ta kasa gaya wa kowa sakamakonta. Alhali saboda makaho, Ibn Ummi Maktum, farkon Suratu Abasa ya sauka.

Jiha tana da shirin tallafa wa irin waɗannan yara daga haihuwa zuwa shekara 3. Abin da ba za ta yi mana ba shi ne ba yaron gurbi a ajin Islamiyya, da samar da matan da za su karɓi uwar raino ranar da take asibiti. Wannan na kwamitin ƙungiya ne, kuma ya kamata ya shiga zamanta na gaba.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya.