Wa Za A Tambaya Game Da Maganin Mai Ciki?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci cuta, Ya kuma halicci magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, mas'alar wannan mako ita ce: idan mai mulki ya faɗi wata magana a kan al'amarin ilmi, ma'abota wannan ilmi kuma suka faɗi saɓaninta, wace ce ta wajaba Musulmi ya bi? Mene ne kuma matsayin wanda ya ɗauki irin wannan magana ya yayata ta cikin jama'a tun bai bincika ba?

Dalilin tambayar shi ne abin da ya faru a ƙasar Amurka ran 22 ga Satumba, 2025. A wannan rana shugaban ƙasar, Donald Trump, ya tara 'yan jarida a fadarsa, sakataren lafiyarsa Robert F. Kennedy ƙarami yana tsaye kusa da shi, ya ce mata masu ciki su guji shan Tylenol, domin a faɗarsa maganin yana da hannu wajen jawo wa yara lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Ya nanata cewa su daure, kada su sha sai in zazzaɓi ya yi tsananin da ba za su iya jurewa ba. Shi Tylenol ɗin nan ba wani baƙon abu ba ne. Farasitamol ne, wanda ake sayarwa a kowane kemis da sunan Panadol da wasu sunaye. Saboda haka kafin gari ya waye maganar ta tsallake teku, ta shiga wayoyin mutane, ta tayar da hankalin matan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Masana ba su yi jinkirin amsawa ba. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta yi watsi da maganar. Hukumar kula da magunguna ta Ingila da takwararta ta Tarayyar Turai suka ce shawararsu tana nan yadda take, mai ciki tana iya shan farasitamol idan buƙata ta kama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wata hujja yankakkiya ta ilmi da ta tabbatar da wannan alaƙa. Abin mamaki, ita kanta hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wadda ke ƙarƙashin shugaban, a cikin takardar da ta aika wa likitoci a wannan rana ta yarda cewa ba a tabbatar maganin ne sanadi ba, kuma shi ne ya fi aminci ga mai ciki a cikin magungunan ciwo da zazzaɓi da ake saya ba da takardar likita ba.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ruwa ba ya tsami banza. Akwai bincike da dama da suka lura cewa a cikin 'ya'yan matan da suka sha farasitamol da ciki, masu wannan lalura sun ɗan fi yawa. A watan Agusta na 2025 wasu masana na Harvard da Mount Sinai sun tattara irin waɗannan bincike guda 46 suka ce sun ga alaƙa, ko da yake shawarar da suka bayar ita ce a sha da lura, ba su ce a haramta ba. To, amma haɗuwar abu biyu a wuri ɗaya ba ta nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. Duk gidan da gobara ta kama akan ga masu guga da bokiti sun taru, ba kuwa mai hankalin da zai ce su ne ke kawo wuta. Macen da ta sha magani ta sha ne domin tana fama da zazzaɓi ko ciwo, kuma mai yiwuwa ne ciwon, ko kuma abin da yaron ya gada daga iyayensa, shi ne asalin abin da aka gani.

Domin warware wannan ne masana a ƙasar Suwidin suka bi tarihin yara wajen miliyan 2 da dubu 480 waɗanda aka haifa tsakanin 1995 da 2019, aka buga sakamakon a mujallar likitoci ta JAMA cikin Afrilu, 2024. Da suka duba yaran gaba ɗaya, sai suka ga ɗan bambanci: kimanin 15 cikin dubu a wajen waɗanda iyayensu suka sha maganin, kimanin 13 cikin dubu a wajen sauran. Sa'an nan suka gwada 'yan uwa shaƙiƙai, watau wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, inda uwar ta sha maganin a cikin ɗaya ba ta sha a ɗayan ba. Nan sai bambancin ya ɓace. Da maganin ne sanadi, da lalle an ga bambanci tsakanin wa da ƙane.

Wannan shi ne abin da ke hannun masana. Saura a duba abin da Shari'a ta shimfiɗa.

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 43 ta Suratun Nahli, ya umurci wanda bai sani ba da ya tambayi ma'abota sani. Malamai sun ɗauki wannan a matsayin ƙa'ida ga kowane fanni. A aya ta 36 ta Suratul Isra'i kuma an hana mutum bin abin da ba shi da ilmi a kansa, aka kuma sanar da shi cewa za a tambaye shi game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa. Babu inda aka ware sarki ko shugaba daga wannan hani. Ɗa'a ga shugabanni wajiba ce a cikin abin da yake na alheri, wajen tsare doka da zaman lafiya, amma rawani ba ya mayar da mutum likita, kamar yadda ba ya mayar da shi maƙeri. Sarkin da ya umurci manomi ya yi shuka da rani ba zai sa gero ya tsiro ba.

Misali mafi girma a nan shi ne na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Imam Muslim ya ruwaito cewa ya tarar da mutanen Madina suna yi wa dabino aure, watau suna ɗaukar furen namiji suna sa wa mace, sai ya nuna yana zaton ko ba a yi haka ba dabinon zai yi kyau. Suka bari, dabino bai yi albarka ba a wannan shekara. Da aka sanar da shi, sai ya mayar da al'amarin noma gare su, ya nuna musu su ne suka fi sanin sana'arsu. Haka kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa lokacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya, Annabi ya ce a nemi Harisu ɗan Kalada, likitan ƙabilar Saƙifu. In har Shugaban halitta, wanda wahayi ke sauka gare shi, ya bar wa manoma nomansu, ya bar wa likita likitancinsa, ina dalilin wani mai mulki na zamani da zai tsallake likitocin ƙasarsa ya yanke hukunci a kan cikin mata?

Akwai wani hadisin kuma da ya fi kusa da wannan mas'ala. A wata tafiya dutse ya fasa wa wani mutum kai, sa'an nan wanka ya wajaba a kansa. Ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba shi da shi tun da ga ruwa. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya kai ga Annabi sai ya yi fushi, ya ɗora musu alhakin ransa, domin sun ba da fatawa ba da sani ba alhali suna iya tambaya. Mutanen nan ba mugunta suka nufa ba, tsanantawa suka yi suna zaton ita ce taƙawa. Wanda ya ce wa mai ciki ta daure da zazzaɓi yana kan wannan turba, domin likitoci sun daɗe da sanin cewa zazzaɓi mai zafi, musamman a watannin farko, yana da alaƙa da naƙasar laka da ƙwaƙwalwar ɗan tayi, yana kuma iya kawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce ba a barin yaƙini saboda shakka, kuma idan cuta biyu suka haɗu akan ɗauki mai sauƙin domin kauce wa mai tsananin. Illar zazzaɓi sananniya ce. Illar da aka jingina wa farasitamol zato ce da bincike mafi ƙarfi bai tabbatar ba. Addinin da ya yarje wa mai ciki ta sha azumin Ramadan idan ta ji tsoro ga abin da ke cikinta, ba zai ɗauki wahalar banza a matsayin jarunta ba.

Mai tambaya yana iya cewa: ai likitoci da kamfanonin magani su ma sun sha kuskure, don me za a amince da su? Tambaya ce mai nauyi. Tsakanin 1957 da 1961 an sayar wa mata masu ciki maganin talidomaid a Jamus ta Yamma da Ingila da wasu ƙasashe, aka haifi yara fiye da 10,000 da naƙasar hannu da ƙafa. A Kano kuma ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai dai a lura da yadda aka gano waɗannan kurakurai. Likitoci ne suka lura da ɓarnar talidomaid suka fallasa ta da hujja, kuma wata ma'aikaciyar hukumar magunguna ta Amurka, Frances Kelsey, ita ce ta ƙi sa hannu a sayar da shi a ƙasarta saboda shaidar da aka kawo mata ba ta gamsar da ita ba. Ilmi da ilmi ake gyara shi. Haka malaman hadisi suka yi da ƙarya ta shigo cikin ruwaya: ba su watsar da hadisi ba, sai suka kafa ilmin isnadi, suna auna kowane mai ruwaya, ko da kuwa ɗan sarki ne.

Abin da ke biyo bayan barin hujja kuwa, mutanen ƙasar nan sun ɗanɗana shi. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Jihar Kano da wasu jihohi saboda jita-jitar cewa an sa mata maganin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai Yuli, 2004. Sakamakon haka cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, har Indonesiya, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, bayan sarakuna da malamai sun sha wahalar dawo da amincewar jama'a. Yaran da suka gurgunce a waɗannan shekaru yau magidanta ne, suna nan suna jan ƙafa, ba kuwa wanda ya biya su diyya daga cikin waɗanda suka yaɗa maganar.

Shi ya sa alhakin bai tsaya a kan mai mulki kaɗai ba. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umurni a bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci wasu cikin jahilci a koma ana nadama. Aya ta 83 ta Suratun Nisa'i ta zargi mutanen da da zarar sun ji labarin aminci ko na tsoro sai su watsa shi, maimakon su mayar da shi ga waɗanda za su iya tace shi. A da, mai tsegumi sai ya taka da ƙafarsa gida gida. Yanzu da danna waya sau ɗaya ya isar wa mutum ɗari, yana cewa shi dai yadda ya gani haka ya tura. Wannan ba uzuri ba ne a wurin Allah. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Akwai kuma wata cutarwa da ba a cika lura da ita ba, ita ce wadda ta faɗa kan iyaye mata masu renon yara masu wannan lalura. Masana sun nuna gado yana da babban rabo a cikinta, ba su kuma jingina ta ga sanadi guda ɗaya ba. Amma uwar da ta ji wannan magana za ta kwana tana lissafin ƙwayoyin da ta sha shekarun baya, dangin miji kuma su sami abin gori. Alƙur'ani, a Suratu Luƙman, ya ambaci raunin da uwa ke sha a kan rauni wajen ɗaukar ciki domin a gode mata. Ɗora mata laifin da hujja ba ta tabbatar ba zalunci ne, kuma yaron da aka jarrabe shi da wannan lalura amana ne, yana da haƙƙin kulawa da ilmantarwa kamar kowane ɗa.

Abin da ya kamaci mai ciki da mijinta a aikace a fili yake. Idan ciwo ko zazzaɓi ya zo, farasitamol ne likitoci suka fi aminta da shi, a sha mafi ƙarancin abin da zai wadatar, na ɗan lokaci, kada kuma a wuce ƙwaya takwas masu nauyin miligiram 500 a yini da dare, domin wuce haddi yana lalata hanta. Kada tsoro ya sa a koma ga ibufurofen ko diklofenak ko asfirin ba da umurnin likita ba, domin tun 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa irin waɗannan, daga mako na 20 na ciki, suna iya taɓa ƙodar ɗan tayi su rage ruwan da yake kwance a ciki. Haka nan jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba. A ƙasashen da sauro ya yi yawa kuma, farasitamol yana saukar da zafin jiki ne kawai, ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, saboda haka wajibi ne miji ya kai matarsa asibiti a gwada jininta, ya kuma bar ta ta riƙa zuwa awon ciki. Wannan yana cikin ciyarwa da kulawar da Shari'a ta ɗora masa.

Idan wata rana masana suka zo da hujja sabuwa mai ƙarfi, sai a bi ta, domin komawa ga gaskiya ya fi dogewa a kan kuskure. Kafin wannan rana, Musulmi ya girmama shugaba a kan mulkinsa, ya tambayi likita a kan magani, ya kuma kame hannunsa daga tura abin da bai tabbatar ba.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya shiryi shugabanni su riƙa faɗin abin da suka sani. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum.