Wa ke riƙe da jirgi in ka yi barci?

Ɗan'uwa mai karatu, ga tambaya. Mutumin da ba ka jin harshensa, addininku ba ɗaya ba, kana iya ba shi amanar ranka ka kwanta ka yi barci? Kada ka yi saurin amsawa. Ji labarin wani jirgin ruwa da ake kira Ra tukuna.

A shekarar 1969 wani Bature ɗan ƙasar Norwe, Tor Hayardal, ya so ya gwada ko mutanen zamanin da suna iya ƙetare tekun Atlantika. Ya ɗauko gwanaye daga tabkin Cadi, suka ɗaure masa jirgi da doguwar ciyawar ruwa, kamar yadda Buduma ke yin nasu. Babu inji. Babban ƙyalle aka ɗaura ga dogon itace, iska ke tura shi.

Mutum bakwai suka shiga, daga ƙasa bakwai: Norwe, Amurka, Rasha, Italiya, Meksiko, Masar da Cadi. Lokacin nan Amurka da Rasha ba su ga maciji da juna. Ɗan Amurkan Bayahude ne, ga shi Masar ta yi yaƙi da Isra'ila a 1967. Ɗan Cadin, Abdullahi Jibrin, Musulmi ne, kafinta, bai saba da teku ba. Cikinsu duka ɗan Amurkan kaɗai ya san aikin jirgi sosai.

Suka tashi daga garin Safi na Maroko ran 25 ga Mayu. Tun ranar farko itatuwan da ake juya jirgi da su suka karye. Sannu sannu bayan jirgin ya riƙa nutsewa. Dare da rana sai wani ya tsaya ga tuƙi, saura su kwanta. In lokacinsa ya cika ya tada na gaba.

Wani zai ce: ai tsoro ne ya haɗa su, a sauke su tudu kowa ya ƙoshi a gani. Akwai gaskiya cikin wannan magana, kuma ba a rasa saɓani tsakaninsu ba, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Amma duba da kyau. Tsoro shi kaɗai kan sa kowa ya yi ta kansa. Dubi mai ginan rijiya. Yana shiga rami ne don jiya ya shiga, ya ga mai riƙon igiya bai sake shi ba. Haka cikin jirgin nan. Kowace safiya mutum ya farka ya tarar da ransa, ya san wani ya hana idonsa barci dominsa. A ganina daga nan amana ta tsiro, tun kafin su iya hira da juna.

Bayan wajen mako takwas da tafiyar kilomita kamar 5,000, jirgin ya lalace, wani jirgi ya kwashe su. Ba wanda ya mutu.

To, ga abin da mai cewa tsoro ne zai yi wa tunani. Sun koma gida, kowa ya tsira, ba abin da ya tilasta musu. Da aka ɗaure sabon jirgi a 1970, shida cikin bakwai ɗin suka sake shiga tare. Abdullahi ba ya cikin tafiyar nan, aka ƙara ɗan Maroko da ɗan Japan. Kwanansu 57 bisa ruwa, suka sauka tsibirin Barbados ran 12 ga Yuli.